Ɗanye Nake, Ban Nuna Ba

Amadu, wannan babin naka ne, amma ƙannenka ma su karanta. Na san ranar sunan ɗanka, da ka miƙe a gaban jama'a ka hana a ƙara kirana Ɗanye, don ka girmama ni ka yi. Ban ce maka komai ba, domin ba a gyara wa magidanci magana a gaban surukansa. Sai dai ka taɓa abin da ba ka san tushensa ba. Kun tashi yaran unguwa suna ce muku 'ya'yan Ɗanye, kuna dawowa gida baki a zumɓure, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da ku ya gaya muku inda sunan ya fito. To, yau ku ji.

Hausa ba ta rasa sunan da za ta ba marar wayo ba. Akwai gaula, wanda ko duniya ka zagaya da shi gaula zai dawo. Akwai bagidaje, shi fita ce kawai bai yi ba. Ya ci kasuwar Dogon Dutsi sau biyu sau uku, sai ka ga ya fara karkata hula. Akwai sabon shiga, wanda gobe shi ne tsohon hannu. Duk an kira ni da su, ban kuwa rame ba. Amma ɗanye daban yake. Ɗanye shi ne abin da bai nuna ba tukuna, ko a bishiya ko a tukunya, wato abin da wani yake zaune yana jira. Ku riƙe wannan jiran da kyau, don a kansa na yi rayuwata.

A Matankari aka haife ni, a ɗakin kakata ta wajen uwa, Kaka Igge. Ba ku tarar da ita ba. Goɗiya ce, wato macen da iska ke hawa, kuma wadda ke hawanta doguwar gidanmu ce tun kakanni. Sunan doguwar ba zan rubuta shi a nan ba. A gida Ta-Kaka muke ce mata, ku ma haka za ku ce. Ina yaro na sha zama a gindin masu kiɗan ƙwarya ina kallo. In an ja goge, Kaka takan ɗaura baƙin saƙi ta ƙulle shi a kafaɗar hagu, ta riƙa jan ƙafar dama a ƙasa, sai a yi kirari a kama sunan. Daga nan ba Kaka ba ce kuma. Muryar takan koma siririya, ta hanci, abin da take fara tambaya kuma ruwa ne. Ni kuwa Allah ya yi ni da kwaikwayo. Duk wanda na gani sau ɗaya na ɗauke shi, tafiyarsa da tarinsa da yadda yake sosa ƙeya. Kaka kuwa ba sau ɗaya na gan ta ba.

Da Nasara suka ce kowane gari ya ba da yaran lakwal, wato makarantar boko, masu gata suka ɓoye nasu a rumbu, aka miƙa irinmu. Aka kawo ni Dogon Dutsi, aka ajiye ni wurin ƙanin Inna, Kawu Tankari. Ɗan kama ne. Ku na yanzu ba ku san 'yan kama ba sai a labari: mutum ne da tsummokara da takobin katako, yana bin kasuwa da biki yana kwaikwayon kowa don a yi dariya a ba shi na tuwo. Kawu yakan yi malami yana karatu, ya yi Bafillatani yana cinikin sa, ya yi gardi, wato ɗan sandan bariki, yana fareti, har 'yan bori yakan yi, su kansu suna dariya har da hawaye. Amma na lura ba ya taɓa yin abu daidai. In malami yake yi, tuwo da miya yake jerawa a wurin aya. In uwarsa yake yi, a kafaɗar dama yake ƙulla zane, ƙafar hagu yake ja, in ya zo inda ake kama sunan doguwa a kirari sai ya ce kabewa. Wata rana na ce masa ya yi kuskure, bari in nuna masa yadda Kaka ke yi. Ban kai ga ɗaga ƙafa ba ya damƙe mini hannu, irin damƙar da ban san yana da ita ba.

Ya ce, "Kai yaro, ji nan. Ɗan kama da dokin bori aikinsu guda na, jiki sukai aro. Abin da ar raba su ɓaraka ta. Komi za ka kwaikwaya, bar ɓaraka, don mai abu shi gane wasa akai. In ka ɗinke ta duka, mai abu shina zuwa shi amshi abinai."

Na ce to. Irin ton da yaro ke yi yana kallon wani wuri.

Kaka ta rasu ina lakwal. Ya kamata a ci gaba da zuba wa Ta-Kaka nono a gindin tsamiyar bayan gida har a ga wanda za ta zaɓa, amma a lokacin Baba ya kama salla da gaske, ya ce ba a gidansa ba. Tsamiya ta zauna ba mai zuwa gindinta.

Shekarar da nake ajin ƙarshe, gashin baki ya fara tsiro mini, ni ne na ɗaya a karatu, kuma ni ake shirin aikawa Yamai in karanci aikin koyarwa. Malaminmu mutumin Dahome ne, Mushe kawai muke ce masa, wato malam da Faransanci. Mutumin kirki ne, ba na yarda a zage shi a gabana. Baƙo ne kawai, bai san ƙasar da yake takawa ba. Da bikin Nasara na damina ya matso, wanda suke yi da tuta da fareti, Kumandan, Banasaren da ke mulkin garin, ya ce yana son yaran lakwal su yi teyatur, wato wasan kwaikwayo, a kan al'adun ƙasarmu ta Arewa. Mushe ya shirya wasa: wai yarinya ba ta da lafiya, aka kai ta wurin 'yan bori, abu ya faskara, daga ƙarshe likita ya warkar da ita. Da yake ba mata a ajinmu, ni aka ba goɗiyar. Ranar gwaji na yi yadda Kawu ke yi, ƙulli a dama, ƙafar hagu, kabewa. Yara suka faɗi suna birgima. Mushe bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe ya yi mini magana da Faransanci a hankali.

Ya ce, "Arzika, wannan wasan kasuwa ne. Ɗan wasan dandamali na gaske ba ya raina abin da yake nunawa. Ka san yadda ake yinsa daidai?"

Na ce, "Na sani, Mushe."

Ya ce, "To yi shi daidai. Ka nuna musu mutanenka ba abin dariya ba ne."

Ku gaya mini, wane saurayi ne zai ji wannan maganar kansa bai kumbura ba? Na ji daɗinta har cikin ƙashina. Na ga Kawu ya koma mini ƙaramin mutum, mai ɓata abu don bai iya ba, ni kuwa na iya.

Ranar bikin da la'asar aka yi, rana tana nan sarai, kada wani ya ce muku duhu ne ya ruɗe mu. An jera katako a kan ganguna a filin bariki an yi dandamali. Nasara suna kan kujeru a inuwa, mutanen gari da na ƙauyuka sun yi da'ira a tsaye, har Inna da Baba sun zo daga Matankari su ga ɗansu. Mai gogen da gardi ya kirawo wani tsoho ne da ya daɗe yana yi wa Kaka kiɗa. Da ya fara ja, na ji shi ma ya bar tasa ɓarakar, yana karkatar da kiɗan yana kauce wa ainihin taken. Na hau da baƙin saƙin da na aro wurin wata mai fura. Na ƙulle shi a hagu. Na ja ƙafar dama. Na ji hayaniyar mutane ta fara raguwa daga gaba zuwa baya, ni kuwa na ɗauka gwanintata ce. Na hangi Kawu yana kutsowa cikin taro yana girgiza mini kai. Na kau da ido, na ɗauki kirarin da bakina, da na zo wurin kabewa na faɗi sunan.

Abin da na sani da kaina kaɗan ne. Kiɗan gogen ya miƙe ya koma daidai. Daga baya tsohon ya rantse wa Kawu cewa ba shi ya miƙar da shi ba, hannunsa ne ya ƙi shi. Na ji ƙanshin ɗakin Kaka, tsamin nono da hayaƙin turare, a tsakiyar filin bariki. Sanyi ya kamo ni daga tafin ƙafa yana hawowa. Sai na ga taron daga sama, kamar wanda ya hau reshen gawo, na ga hulunan Nasara, na ga wani yaro da baƙin zane a kan katako, na ga tsakiyar kansa. Ina cikin tunanin ɗan wane ne wannan, komai ya ɗauke.

Sauran daga bakin Inna da Kawu na ji shi, kuma maganarsu ba ta taɓa saɓawa ba. Sun ce na tsaya cak, na dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, sai murya ta fito, siririya, ta hanci.

Ta ce, "Ruwa."

Ba wanda ya motsa. Tsofaffin Arewa suka fara tuɓe takalma suna durƙusawa. Kumandan ya yi tafi, sauran Nasara suka taya shi. Mai yi wa Kumandan tafinta yana tsaye a bayansa, an ce bai fassara masa komai ba.

Muryar ta ce, "Wa yak kira ni? Tun da goɗiyata tak kwanta ba wanda yab ba ni ruwa. Yau ga doki na samu. Ku girka mani shi, ko in canye shi ɗanye."

Girka, in ba ku sani ba, ita ce a rufe mutum a ɗaki kwana da kwanaki, ana kiɗa ana hayaƙi ana ba shi jiƙo, har ya nuna ya zama na iska iyakar ransa. Wanda aka ci ɗanye kuwa mun san su, su ne masu yawo a bayan kasuwa ba riga suna magana da bango. Sai ga Kawu ya haye dandamalin da tsummokaransa da takobin katakonsa. Nasara suka ƙara gyara zama, sun ɗauka cikin wasan ne. Ya cire hula, ya durƙusa, ya matso da gwiwa. Sai ya miƙa yatsa ya latsa mini haƙarƙari, kamar mai zaɓen kabewa a kasuwa, ya kara kunne, ya yamutsa fuska.

Ya ce, "Ranki shi daɗe, wanga? Haba! Taɓa ki ji. Ɗanye na shataf. In anka girka shi yanzu, icce za a ɓata a banza, ba shi nuna. In kuwa kin canye shi haka, wallahi cikinki za shi murɗa har ki tsani gidanmu. Bar shi bisa reshe tukuna. Ina za shi? Naki na."

Inna ta ce shekarun da ta yi tana ganin Ta-Kaka a kan uwarta ba ta taɓa jin ta yi dariya ba sai ran nan. Ta ce gara ma da ba ta ji ba.

Muryar ta ce, "Tankari, har yau ba ka bar wauta ba. To, na ji. Ina jira. Ran da naj ji an ce ya nuna, ina tahe."

Na yi atishawa na faɗi. Da na buɗe ido, Kawu na zuba mini ruwa a baki da ƙwarya, Nasara kuma suna tsaye suna tafi. Mushe ya zo ya rungume ni. Ya ce Kumandan ya ce bai taɓa ganin ɗan wasa irina ba, zancen Yamai kuma an gama.

Washegari da hantsi aka zauna a zauren Kawu. Ni ina gefe, jikina kamar an daka ni a turmi, ana ta magana a kaina.

Inna ta ce, "A girka shi mu huta. Uwata ta yi, kuma ba ta mutu ba sai da kwananta yaƙ ƙare."

Baba ya ce, "Ba a girka ɗana ina da rai. Malam ya rubuta mai shi sha."

Suka yi ta yi har muryoyi suka tashi. Kawu yana ta sassaƙar wani ɗan kara, sai da suka gaji ya ajiye shi.

Ya ce, "Ku duka ba ku saurari abin da tac ce ba. Ba ta ce baɗi ba, ba ta ce in ya yi gemu ba. Cewa tay yi ran da taj ji an ce ya nuna. To, kada ta ji."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce in na tafi Yamai na dawo da farin wando da takalmi ana ce mini Mushe, ba sai an aika mata ba, maroƙan gari za su gaya mata. Ya ce ba zai zaɓa mini ba, jikina ne. Na sha rubutun Baba, na kuma gode masa. Amma ni ne na ga tsakiyar kaina daga sama, ba Baba ba. Ranar jarrabawa na zauna, na san amsar kowace tambaya kamar sunana, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina barin ɓaraka. A shiftar Faransanci har kabewa na rubuta. Da sakamako ya fito Mushe ya zo har gidan Kawu, ya tsaya a ƙofa da takardar a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce me ya yi mini. Har aka mayar da shi ƙasarsu bai ƙara yi mini magana ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, har yau in na tuna fuskarsa sai abinci ya fita raina.

Tun daga ranar Kawu ya raɗa mini Ɗanye, ya kuma tabbatar gari ya ɗauka. Na bi shi kasuwa-kasuwa, Dumega, Kore Mairuwa, Matankari, ina riƙe masa takobi, daga baya na gaje shi. Waɗanda nake gyara wa lissafi a aji suka zama manya bayan Nasara sun tafi, suna wucewa a mota, ni ina tsakiyar kasuwa ina karatun tuwo da miya. Kada ku ce bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai. Kunyar gona da kuke dariya ban taɓa jan ta ta miƙe ba, da hular da nake sawa a karkace, da maɓallin rigar da kullum nake tsallakewa, duk da gangan ne. Uwarku ta sani tun kafin a ɗaura aure, ta kuma yarda a ce mata matar Ɗanye, Allah ya jiƙanta.

Za ku ce camfi ne. Ni ma ina salla, na kuma san abin da malamai suka ce. Amma ranar aurena wani maroƙi baƙo ya ɗaga murya ya ce ango ya kai ya kawo, yau Arzika ya nuna. Bai rufe baki ba na ji tsamin nono da hayaƙin turare, sanyi ya kama mini tafin ƙafa. Kawu, da tsufansa, ya tsallake tabarma ya ɗauki ƙwaryar kunu ya juye mini a ka a gaban dangin amarya, yana ihu wane irin nunanne ne ba ya iya shan kunu sai ya yi wanka da shi. Aka yi ta dariya, aka ce Ɗanye dai Ɗanye ne. Sanyin ya sauka.

Yanzu Kawu ba ya nan, uwarku ba ta nan. Ranar sunan nan, Amadu, ka tuna abin da ka ce? Na tuna maka.

Ka ce, "Jama'a, shekara nawa mutum zai yi yana ɗanye? Ai Baba ya nuna. Daga yau Malam Arzika za a ce."

Aka yi dariya, aka ce ka yi gaskiya. Na duba hagu da dama, ba mai juye mini kunu. Mutane kuwa sun ji maganarka, don kai babba ne a ofis. Wata da watanni ke nan ban ji sunan Ɗanye a bakin kowa ba, har yaran unguwa Malam suke ce mini.

Shekaranjiya da azahar ina kishingiɗe a zaure, sai ga Hadiza, 'yarka, wadda ko lakwal ba ta shiga ba. Kun san ta da kwaikwayo, kuna ma sa ta ta yi muku tafiyar liman kuna dariya. Ta yafo wani baƙin ɗankwalin uwarta, ta ƙulle shi a kafaɗar hagu. Tana tafe tana jan ƙafar dama. Wannan yarinya ba ta taɓa ganin bori ba, ni kuma ban taɓa yin wannan tafiyar a gaban kowa ba tun ranar filin bariki. Ta zo ta tsaya a kaina. Ta miƙa ɗan yatsanta ta latsa mini haƙarƙari, ta kara kunne.

Ta ce, "Saura kaɗan."

Na tashi zaune na kwance ƙullin na mayar mata da shi dama, na ce kabewa, kabewa, har ta fashe da dariya ta ruga waje, ta koma Hadizarta. Ni ban yi dariya ba. Tsoro nake ji, Amadu, ban kuma ji kunyar rubuta shi ba. Ni na tsufa, ko an zo ɗaukata ba wani abin kirki za a samu ba. Amma muddin ana jirana, ba a duba wani a gidan nan, ga shi kuwa ta bakin Hadiza aka zo duba ni.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Yarinyar nan ku kawo mini ita in koya mata ɓaraka. Kai kuma ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci mutane sun cika ƙofar gida, kada ka shigo. Ka tsaya a waje da manyan kayanka, ka ɗaga murya yadda har bayan gari za a ji, ka ce: Ɗanye yana ciki?